Maƙoƙon Hedimasta

Babu malamin da ya kai mara lafiya. Littafi takarda ne, farfesa ɗan Adam ne, amma wanda ke kwance a kan gado shi ne jami'ar da kanta, kuma ɗalibin da ya san darajarsa ba zai taɓa taɓewa ba.

Farfesan tiyata ne mai wannan magana. Duk shekara yakan faɗe ta ranar da sababbin ɗalibai suka fara shiga ɗakin marasa lafiya da fararen rigunansu masu ƙamshin guga. A tsaye yake faɗin ta a bakin ƙofa, hannu ɗaya a ƙirji. Marasa lafiyar da suka daɗe a ɗakin sun haddace ta, wasu har motsa baki suke yi tare da shi. Ba a dai taɓa jin an kira ɗayansu taron malamai ba, amma ai an ce ladan malami a lahira yake, kuma daga ɗakin nan hanyar ba ta da nisa.

Auta ta yarda da wannan huɗuba kamar yadda ta yarda da duk abin da ke iya fitowa a jarrabawa. Tana ajin ƙarshe na karatun likita, kuma ta riga ta faɗi tiyata sau ɗaya. Ba rashin sani ne ya kayar da ita ba. Farfesa ne ya tsaya a kanta yana kallon ta ta saman tabarau, sai yawun bakinta ya ƙafe, abin da ta yi shekaru tana haddacewa ya bi iska. Dokar makaranta kuwa a fili take: wanda ya sake faɗuwa, sai a nuna masa ƙofa. Karatun likita ba shi da rabi. Ko ka fita likita, ko ka fita yadda ka shiga, sai dai ka ƙara tsufa. A gida kuma tun tana ajin farko aka daina kiran ta Auta a gaban baƙi, aka koma Likita, maƙwabta na kawo mata kwalayen magani ta karanta musu.

Mahaifinta malamin firamare ne da ya yi ritaya. Kowa Hedimasta yake ce masa, ko da yake bai taɓa zama hedimasta ba. Ya dai taɓa riƙe makaranta na zango ɗaya lokacin da mai kujerar ya karye a ƙafa, sunan ya bi shi, shi kuma bai ga dalilin gyara wa jama'a kuskure ba, duk da cewa gyaran kuskure ne sana'arsa. Tun da ya ajiye alli ya rasa wanda zai koyar. Ya gwada Inna, matarsa, ta ce ita ta gama makaranta tun ranar da ta aure shi.

Ya daɗe da ɗan kumburi a wuya, yana ɓoye shi da wuyan riga. Wata rana da Auta ta zo gida, tana kallo ya ɗaga kofi ya sha ruwa, sai ta ga abin ya hau ya sauka. Ta zagaya bayan kujerarsa ta ɗora yatsunta yadda aka koya mata. Maƙoƙo ne, amma ba mai laushi irin na littafi shafin farko ba. Gefe ɗaya ya yi tauri kamar an cusa dutse. Inna ta ce a 'yan watannin nan ne ya ƙaru. Auta ta san shafin da ake maganar irin wannan, yana can ƙarshen babi, inda rubutu ke gajarta.

Ta kai shi asibitin koyarwa. Da Farfesa ya ɗora hannu a wuyan, sai fuskarsa ta washe kamar mai sayen rago da ya dace da ƙosasshe. Ya ce kai, wannan ya yi kyau. Ya aika aka kira ƙananan likitoci da ɗalibai su zo su ga kyau. A bakin malaman asibiti, idan aka ce ciwo ya yi kyau, ana nufin ko makaho ya taɓa zai gane shi. Hedimasta bai san da haka ba, ya gyara zama ya yi godiya. Aka zuƙi wani abu da allura aka kai ɗakin awo, sakamako ya dawo yana cewa bai fito sosai ba, a sake. Farfesa ya ce ba sai an sake ba, ko mene ne cire shi za a yi. Aka ba Hedimasta gadon ƙarshe kusa da taga, aka sa masa ranar aiki.

To, ranar aikin ta faɗo gabanin jarrabawar ajin ƙarshe. Jarrabawar tiyata kuwa ba a takarda kaɗai ake yin ta ba. Sai an jera marasa lafiya masu alamomi bayyanannu, a kai ɗalibi gaban gado, ya duba, ya faɗi abin da ya gani, malamai na tsaye suna ba shi maki. A wannan shekarar an shiga fari. Masu kyawawan ciwuka wasu sun warke, wasu sun mutu, kuma a lokacin jarrabawa duka biyun rashin kara ne ga sashen tiyata.

Wata safiya a zagayen duba marasa lafiya, Farfesa ya yi abin da ba a taɓa ganin ya yi ba: ya zauna a gefen gado. Ya ce wa Hedimasta yau malami ne ya zo roƙon malami. Ya bayyana masa cewa wuyansa ya fi babi uku na littafi, kuma idan aka yanke shi yanzu, ɗalibai da yawa za su fita duniya ba su taɓa irinsa ba. 'Yan makonni ne kawai, ana gama jarrabawa shi ne na farko a teburin tiyata. Ya ƙara da cewa makaranta ba ta manta alheri. Da zai faɗi wannan, idonsa ya ɗan leƙa sahun baya, inda Auta ke tsaye rungume da farar rigarta.

Hedimasta bai ma bari ya rufe baki ba. Ya ce ai wannan girmamawa ce, ranka ya daɗe.

Da aka watse Auta ta dawo ta ja labule.

"Baba, me ya sa ka amsa?"

"Shekara da shekaru ina fama da masu majina a hanci. Yau jami'a ta kira ni aiki, ke kuma za ki yi mini baƙin ciki?"

"Ba za a ba ni kai a jarrabawa ba fa. Ba a haɗa ɗalibi da ɗan uwansa."

"Ni za ki koya wa dokar jarrabawa?" Ya rage murya. "Kin ga inda ya kalla? Mutum ba ya cin gishirinka ya kayar da 'yarka. Je ki yi karatunki."

A baranda Inna ta tare ta, da kwandon kwanuka a hannu, ta tambaye ta ko jiran nan ba komai. Auta ta ce ana sa ido. Tana faɗa ta ji muryarta ta fito daidai irin ta manyan likitoci, santsi, babu inda za a kama. Wannan ne karo na farko da ta ji alamar cewa karatun ya fara shiga.

Hedimasta ya kama aiki gadan-gadan. Labari ya bazu cewa maƙoƙon gadon ƙarshe zai fito a jarrabawa, ɗalibai suka yi ta tururuwa kamar ƙudaje sun ga zuma. Cikin 'yan kwanaki ya haddace tsarin duka. Sai ka gaishe shi ka nemi izini, ka kalle shi ta gaba, ka ba shi ruwa ya haɗiya ka ga ko kumburin na motsi, sannan ka koma ta baya ka taɓa. Wanda ya tsallake mataki ɗaya, Hedimasta yakan ce masa koma ka sake, da wannan muryar da ta taɓa tsayar da fili guda na yara. Ya sa Inna ta kawo masa buta da kofi na musamman. Ruwan da yake sha a yini domin ilimi ya isa wanke mota, rabin lokacinsa a hanyar banɗaki yake ƙarewa.

Maƙwabcin gadonsa wani direba ne mai gwaiwa, wanda shi ma aka tsare domin jarrabawa, amma ɗalibai ba sa ɗokin sa, don irin nasa ciwon ko'ina akwai. Abin ya tsaya masa a rai. Yakan ce, Hedimasta, ka rage mana 'yan makaranta mana, mu ma fa da kayanmu muka zo. Hedimasta ya ce masa kowa da ajinsa, shi direba 'yan share fage ya dace da su. Direba ya ce ba laifi, shi dai nasa kayan ba a ganin su sai da izini, ba kamar na wasu ba da suka rataya talla a wuya. Haka suke yini. Ɗakin bai taɓa samun mara lafiya mai farin ciki kamar Hedimasta ba, kuma Auta ta fara gaya wa kanta cewa farin ciki ma ai magani ne. Ba ta ga hakan a littafi ba, amma ba ta bincika sosai ba.

Sai wata safiya ta gaishe shi, ya amsa da murya a dishe, kamar ana jan buhu a kan siminti. Ya ce yawan koyarwa ne, haka yake yi duk farkon zango. Ta zagaya bayansa. Taurin ya faɗaɗa, kuma a gefen wuya ta ji kaluluwa ƙanana, jere kamar tsakuwa. Akwai wata jijiya da ke bi ta bayan maƙoƙo zuwa akwatin murya. Maƙoƙo mai mutunci ba ya taɓa ta. Wanda ya taɓa ta, sunansa daban ne, kuma Auta ta san sunan, ta san makin da ake bayarwa idan ka faɗe shi.

Ta samu ƙaramin likitan da ke kula da ɗakin, wanda ɗalibai ke kira Sai Gobe. Ya saurare ta yana cika takardu, ya ce lallai ya kamata Farfesa ya sani. Da ta tambaya ko zai gaya masa, ya ce ai ita ce 'ya, daga bakinta zai fi nauyi. Shi ma yana da tasa jarrabawar ta ƙwarewa a gaba, kuma hannun da zai sa masa a takarda shi ne dai hannun Farfesa. A asibitin koyarwa kowa ɗalibin wani ne, har zuwa kan mara lafiya, wanda shi kaɗai ne babban malami.

Ta tafi ofishin Farfesa. Ta tarar da shi yana shan shayi a ƙarƙashin hotunansa na taruka. Ta faɗa masa abin da ta ji da abin da ta taɓa, kuma abin mamaki bakinta bai ƙafe ba. Ya ajiye kofi ya ce madalla, wannan shi ne idon likita, da haka ta yi bara da yanzu tana karɓar albashi. Shi ma ya lura da muryar. Ya ce wannan ya ƙara wa darasin armashi, domin yanzu za a bambanta ɗalibin da ke saurare da wanda ke taɓawa kawai. Saura ƙiris a yi jarrabawar, ciwon da ya yi shekaru yana tafiya ba zai yi tsalle a 'yan kwanaki ba.

Sannan ya cire tabarau.

"Amma mahaifinki ne. In kin ce a cire shi daga jarrabawa a yi masa aiki, yanzu sai in ɗaga waya. Ke za ki faɗa."

Bai yi mata barazana ba. Manyan mutane ba sa bukatar yin haka. Tambaya ce kawai ya yi, irin ta jarrabawa, ya kuma jira amsa da haƙuri. Auta ta kalli wayar da ke kan teburi. Ta tuna shekarun da ta zuba, da kwalayen maganin maƙwabta, da ƙofar da ake nuna wa mutum. Ta tuna cewa Baba da kansa ya amsa, babu wanda ya tilasta shi. Wannan tunanin na ƙarshe ya fi sauran daɗin riƙewa, sai ta riƙe shi.

"Duk yadda ka gani, ranka ya daɗe."

Ya ce ya san yarinya ce mai hankali.

Ranar jarrabawa Inna ta goge wa Hedimasta riga mai buɗaɗɗen wuya, aka gyara masa gemu don kada ya rufe darasi. An gargaɗe shi kada ya taimaki kowa, wannan ne kaɗai ya ɓata masa rai. Tun safe ake kawo masa ɗalibai ɗaya bayan ɗaya, hannuwa masu sanyi da gumi suna matsa wuyansa, yana haɗiyar ruwa da ƙyar, yana tari idan sun juya baya. Ita Auta direba aka ba ta. Ya ce alhamdulillahi, yau dai an tuna da talaka, ya kuma yi tari mai kyau lokacin da ta ce ya yi. Ba ta yi abin a zo a gani ba, ba ta kuma yi abin kunya ba.

Bayan azahar aka shiga tambayoyin baki. A teburin akwai Farfesa da wani tsohon farfesa baƙo da aka gayyato daga wata jami'a don a tabbatar an yi adalci. Baƙon bai san ko ita 'yar wa ce ba. Ya ce mata da safe ya ga wani dattijo a gadon ƙarshe, bari su yi magana a kan irinsa. Namiji, ya manyanta, maƙoƙo mai tauri da ya ƙaru cikin 'yan watanni, murya ta dishe, ga kaluluwa. Mene ne?

Ta faɗi sunan. Ciwon daji. Ya tambayi jijiyar, ta faɗa. Ya tambayi inda yake bazuwa, ta jero masa. Ba ta taɓa sanin wani babi kamar yadda ta san wannan ba.

"To, ya zo hannunki. Yaushe za ki yi masa aiki?"

"Da gaggawa, ranka ya daɗe. Irin wannan ba a jira."

"Ko da akwai wani uzuri?"

"Babu uzurin da ya kai."

Baƙon ya ce ya daɗe bai ji amsa mai tsabta haka ba. Farfesa ya gyaɗa kai, ya ce ɗalibarsa ce, shi ya rene ta.

An gama jarrabawa, amma ba a shiga da Hedimasta nan take ba. Sai da aka haɗa maki, aka yi taron malamai. Daga nan Farfesa ya tafi jami'ar baƙon domin shi ma ya tabbatar musu da adalci, don zumunci a ƙafa yake. Sai Gobe ya ce ba zai taɓa wuyan da Farfesa ya keɓe wa kansa ba. A wannan tsakanin Hedimasta ya daina kwanciya sosai, sai a jingine da matasai, domin in ya miƙe numfashi na yi masa gardama. Direba an yi masa nasa aikin, ya tafi gida, ya bar wa Hedimasta rediyonsa.

Da Farfesa ya dawo aka ɗauki sabon hoto, aka shiga tiyata. Ba a daɗe ba aka fito. Abin ya riga ya kama hanyar iska ya naɗe jijiyoyi, babu inda wuƙa za ta bi. Abin da aka iya shi ne huda maƙogwaro a sa masa ɗan bututu ya riƙa numfashi ta nan. Muryar da ta rage ta tafi tare da hujin.

Farfesa ya kira Auta gefe ya yi mata bayani a tsanake, kamar abokiyar aiki. Ya ce irin wannan ciwon mugu ne tun asali, ko da an shiga da wuri Allah kaɗai ya san abin da za a tarar. Gaskiya ya faɗa, kuma wannan ne abin da ya fi ci mata rai. Babu awon da zai nuna ranar da ƙofa ta rufe, ko kafin ta shiga ofishinsa ne ko bayan ta fito. Za ta iya zaɓar amsar da ta fi mata sauƙi, babu mai ba ta maki. Da zai tafi ya dafa kafaɗarta ya ce ta yi haƙuri, Likita. Ranar ce ya fara kiran ta haka, domin sakamako ya fito, ta ci, har an yaba mata a tiyata.

Ita ta kai labarin cin jarrabawar zuwa gadon ƙarshe. Hedimasta ya lumshe ido ya ɗaga babban yatsa, iska na fita ta bututun da ɗan fito. Inna ta share ido da gefen mayafi ta ce, ka gani ko, Malam, jiran bai tafi a banza ba. Ya gyaɗa kai iyakar yadda bututun ya bari. Auta ta duƙa tana gyara zanen gado da ba abin da ya same shi.

Ba a sallame shi ba, don bututun na bukatar kulawa, kuma Farfesa ya ce gadon nasa ne muddin yana so, makaranta ba ta manta alheri. Auta na zuwa kullum ta zauna kusa da Inna, tana jiran a rantsar da su a tura su aiki.

Tana nan zaune wata safiya sababbin ɗalibai suka shigo da fararen riguna masu ƙamshin guga. Farfesa ya tsaya a bakin ƙofa, hannu ɗaya a ƙirji, ya ce babu malamin da ya kai mara lafiya. Daga gadon ƙarshe leɓɓan Hedimasta na bin sa kalma bayan kalma. Aka zagayo har aka iso kansa. Farfesa ya tura wata yarinya gaba, siririya. Ta gaishe shi, ta kalli wuyan, ta tsaya, ta manta abin da ke biye.

Hedimasta ya jira ta kaɗan, yadda ake jiran yaro a gaban allo. Sannan ya miƙa hannu ya ɗauki kofinsa, ya ɗaga haɓa don kowa ya gani, ya kurɓa. Ruwan ya daɗe bai wuce ba. Idanunsa suka kawo hawaye, kafaɗunsa suka girgiza, Inna ta yunƙura, ya ɗaga mata hannu.

Farfesa ya ce su lura da kyau, kumburin bai motsa ba, ya manne. Su riƙe wannan, yana fitowa a jarrabawa. Ya kira na gaba.

Hedimasta ya goge bakinsa da bayan hannu, ya jawo buta, ya sake cika kofin.